Yadda Ake Cire Tsohon Gam Daga Gefen Gilashin Mota Ba Tare Da An Ɓata Fenti Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san yadda abin yake somawa. A kwana ana tafka ruwan Agusta, da safe ka buɗe ƙofa warin danshi ya buge ka, ka taɓa kafet ka ji shi sharkaf. Ka bi sawun ruwan da ido har ya kai ka kusurwar gilashi. A hanyarka ta fita sai ka biya shagon kayan gini ka sayi silikon, ka matsa a gefen robar, ka baje da ɗan yatsa. Daminar ta ƙare lafiya. Hunturu ya zo ya yi masa rigar ƙura, bazara ta gasa shi, kafin wata daminar ta zagayo ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya fara ɗagowa, ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashinsa. Aiki ya zama biyu ke nan: ga yoyon yana nan, ga kuma gam ya kama fenti ya ƙi saki.

Ni a gilashin baya na wata mota 'yar Kwatano abin ya same ni. Na kai ta wanki, na ce da yaron da ke wanke ta ya duba ko zai iya raba ni da wannan ƙazantar. Yaron ba mugunta ya yi ba, abin da ya ga ana yi ya yi. Ya ɗauko reza ya kankare, abin da ya rage ya bi shi da tsumma mai tina. Cikin minti goma gam ya fita tas. Sai da motar ta bushe na ga ɓarnar: wani siririn farin layi ya bi gefen gilashin tun daga sama har ƙasa, kusa da shi kuma fentin ya dusashe kamar an shafa toka. Damina ɗaya ta wuce, layin nan ya koma ja, tsatsa ta kama. Garin neman gira aka rasa ido.

Ɗaya gefen, wanda Allah ya sa yaron bai kai gare shi ba, wani dattijo mai gyaran jikin mota ne ya cire min. Na zauna a benci ina kallonsa. Ko sau ɗaya bai ɗora ƙarfe a kan fentin ba. Kayan aikinsa tsohon katin banki ne, da tsinken tsire, da ɗan kananzir a murfin kwalba, sai babban yatsansa. Da na ga awa ɗaya ta wuce bai kai rabi ba, na ce, "Baba, babu wani magani da za a zuba ya narke kowa ya huta?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Akwai, Malam. Amma duk abin da zai narkar da wannan cikin minti biyar, da fentinka zai fara." Tun daga ranar da kaina nake yin wannan aikin, kuma hanyarsa nake bi.

Fentin da kake son karewa

Mutane suna ɗauka fentin mota wani abu ne mai kauri da zai jure kankara. Ba haka ba ne. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne: shafin farko da ke manne da ƙarfe yana tsare shi daga tsatsa, sai faraima, sai launi, sai shafi na sama marar launi mai sheƙi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukansu idan an haɗa, kaurinsu yakan kama tsakanin maikiron 100 zuwa 150, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 50 ba, wato silin gashin kai ma yakan fi ta kauri. Bakin reza da ya ɗan karkace sau ɗaya ya isa ya ratsa ta. Gefen gilashi kuma nan ne ruwa ya fi kwanciya, don haka ƙarzanen da za a yi haƙuri da shi a tsakiyar ƙofa, a nan tsatsa yake haifarwa.

Sannan da yawa daga motocin da ke hannunmu an taɓa sake musu fenti, ko can kafin a shigo da su, ko nan gida. Fentin masana'anta ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140, na gareji kuwa sau da yawa rana ce kawai take busar da shi. Saboda haka bai kai wancan ƙwari ba, kuma abin da na masana'anta zai jure shi ba lallai ya jure ba. Kafin ka sa wani ruwa a gefen gilashi, buɗe ƙofa ka gwada shi a wani lungu da ido ba ya gani. Jiƙa farin tsumma, ka shafa, ka jira minti biyu. Idan launin motar ya fito a tsumman, ko wurin ya yi danƙo, ko sheƙinsa ya mutu, ajiye wannan ruwan, ba naka ba ne. Motar da ba ta yi wata ɗaya da fitowa daga wajen mai fenti ba kuwa, a ƙyale ta tukuna.

San irin gam ɗin kafin ka taɓa shi

A bakin mutane duk gam ne, amma abin da ke sakin wannan shi ke ƙara damalmala wancan. Sa farce ka danna, ka ɗan ja gefensa, zai gaya maka ko shi wane ne.

Idan yana da laushi da santsi, yana miƙewa kamar roba idan ka ja sannan ya tsinke, silikon ne. Yakan zo fari, ko baƙi, ko garai-garai kamar ruwa. Masana'anta ba ta liƙa gilashin mota da shi, duk inda ka gan shi hannun wani ne ya sa. Idan baƙin danƙo ne da bai bushe ba, yana bin yatsa yana yin zare kamar cingam, wannan shi ake kira butil. Ana samunsa a gilasan da ba a buɗewa na tsofaffin motoci, da bayan fitilu, da jikin ledar da ke cikin ƙofa, kuma ko shekara ashirin ya yi ba ya sandarewa. Ɗan'uwansa a wajen hali shi ne kwalta, da tef ɗin kwalta na liƙe kwanon rufi wanda wasu direbobin bas suke mannawa a saman gilashi. Idan kuma baƙi ne mai tauri kamar robar taya, farce ba ya shigarsa, to foliyuretan ne, irin su Sikaflex da Betaseal. Shi ne ke riƙe da gilashin gaba da na baya a kusan duk motocin zamani, kuma shi ne wanda zan ce ka yi taka-tsantsan da shi fiye da kowanne.

Akwai masu ɗiga sufa gulu ko Araldite. Waɗannan sukan sandare kamar dutse, kuma abin da ke narkar da su yana cin fenti. Idan su ne a motarka, kada ka wahalar da kanka, kai wa mai fenti ya goge wurin a hankali ya gyara.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne. Tsohon katin banki biyu ko uku, tsinken tsire, zaren fatsa kamu huɗu, tef ɗin takarda na masu fenti, tsummoki masu laushi da yawa irin na tsohuwar singileti, kananzir ko WD-40, sifirit na kemis, sabulun ruwa, da sabuwar reza guda ɗaya wadda gilashi kaɗai za ta taɓa. Ana sayar da reza ta roba da ruwan cire gam na mota, irin na kamfanin 3M, kuma wanda ke Kano zai iya tambaya a Ƙofar Ruwa, na Kaduna a Panteka. Idan an samu, madalla. Idan ba a samu ba, kati da kananzir sun wadatar.

Abubuwan da ba za su kusanci motar ba kuwa su ne tina, da ruwan goge jan farce, da man birki, da soson ƙarfe, da sanfefa, da sukudireba. Man birki ya fi su duka sharri, domin yana ɗaga fenti har ya kumbura ya saɓule. Fetur ma ban yarda da shi ba: yana dusar da fentin gareji, yana kumbura roba, ga haɗarin wuta.

Kafin a fara

Wanke wurin sosai da ruwa mai yawa da sabulun ruwa, ka kwarara ruwan cikin lungun da ke tsakanin roba da fenti har yashin da ke maƙale ya fita. Wannan ba don tsafta kawai ba ne. Yawancin ƙarzanen da ake ɗora wa kati laifinsa, ƙwayar yashi ce ta shiga tsakanin katin da fentin ta yi aikin sanfefa. A lokacin hunturu, da ƙura ke sauka kana tsaye, ka riƙa sake goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan ɗan lokaci.

Yi aikin a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Jikin motar da ta wuni a rana, musamman baƙa, yakan wuce digiri 60 a bazara. A wannan zafin fenti yana yin laushi, kananzir yana bushewa kafin ya yi aiki, tef kuma yana barin nasa danƙon. Ɗora bayan hannunka a jikin motar, idan ba za ka iya barinsa a kai ba, lokaci bai yi ba. Wurin ya kasance iska tana ratsawa, kuma kada a kunna taba ko a hura gawayi kusa.

Daga nan sai ka bi gefen gam ɗin da tef ɗin takarda, layi biyu ko uku a kan juna, ka bar gam ɗin kaɗai a fili. Idan hannu ya zame, tef ne zai sha. In za ka cire shi daga baya, kada ka fizge. Lanƙwasa shi baya ka ja sannu a hankali, kuma kada ka bari ya kwana a jikin motar.

Silikon

A nan aikin yake, don shi aka fi samu kuma shi ya fi taurin kai. Abu biyu ya kamata ka sani game da shi. Na farko, idan ya riga ya bushe kananzir ba ya narkar da shi. Abin da yake yi shi ne ya kumbura shi ya kuma kutsa ƙarƙashinsa ya sassauta riƙon. Na biyu, zafi ba ya yi masa komai. Da irinsa ake liƙe wuraren da ke ɗaukar zafin da ya haura digiri 200, saboda haka wanda ya sa masa na'urar hura zafi fentinsa kawai zai gasa, ko gilashin ya tsage idan da ma akwai ɗan tabon dutse a jikinsa.

Fara ta ɓangaren gilashi. Jiƙa gilashin da ruwan sabulu, ka kwantar da sabuwar rezar sosai har ta kusa shafar gilashin, ka tura ta gaba a ƙarƙashin gam ɗin, hanya ɗaya, ba gaba da baya ba. Kana kusantar roba ko fenti ka tsaya. Wannan a waje ne kawai. Ta ciki kada reza ta taɓa gilashin baya, domin siraran layukan nan da ke kwance a jikinsa wayoyin wuta ne masu korar raɓa, a wasu motocin har da eriyar rediyo, kuma yanka ɗaya ya kashe layi. Haka gilashin da aka manna wa baƙar leda. Ka kuma kiyayi bakin gilashin kansa. Na ƙofa da na baya irin wanda aka ƙarfafa da zafi ne, tsakiyarsa na jure duka amma bakinsa ba ya son ƙarfe, kuma idan ya fashe gaba ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa.

Da ka raba gam ɗin da gilashi, rabin ƙarfinsa ya tafi. Yanzu yaga siririn tsumma, ka jiƙa shi da kananzir ba sharkaf ba, ka shimfiɗa a kan gam ɗin ta ɓangaren fenti, ka ba shi minti goma zuwa sha biyar. Ka lura kada ya kwanta a kan robar gilashin, domin robar ba ta shiri da duk wani abu da ya fito daga ɗanyen mai, kumbura take yi ta saki jiki. Idan ya taɓa ta, goge nan take.

Sai ka nemi inda gam ɗin ya riga ya ɗago da kansa, ka ɗaga da farce, ka kama. Kada ka ja shi sama. Ja shi a kwance, kana bin tsawonsa, yana miƙewa yana sakin fentin kaɗan-kaɗan. Ɗaya hannun yana riƙe da kati a daidai inda yake rabuwa, kana ɗan tura shi, kana ɗiga kananzir da tsinke a wurin. Zai tsinke, ka sake kamawa. Zai sake tsinkewa. Inda ya yi kauri har ya cika lungu, zura zaren fatsa ta ƙarƙashinsa, ka naɗe bakin zaren biyu a guntayen itace don kada ya yanke ka, ka riƙa ja dama da hagu kamar mai zarto. Zaren zai yanka gam ɗin ya bar fentin.

Abin da na fi lura da shi a hannun dattijon nan shi ne yadda yake yi da katin. Duk turawa ɗaya sai ya goge bakinsa a tsumman da ke kafaɗarsa. Idan bakin ya sami 'yar tsaga, sai ya sa almakashi ya yanke wurin ya fitar da sabon baki. Da ya zo lungun da kati ba ya shiga, sai ya naɗe kan tsinken tsire da ƙyalle, ya tsoma a murfin kananzir, ya bi lungun kamar mai sakace. Tsohon silikon cike yake da yashin shekara da shekaru, kuma duk guntun da ya fita ya manne a kati, wuƙa ya zama.

Bayan babban ya fita, za ka ga kamar an gama. Ba a gama ba. Akwai wani siririn shafi da ke saura wanda ido ba ya gani sai an karkata kai. Shi babban yatsa ne maganinsa: busar da wurin, ka riƙa murzawa, zai riƙa dunƙulewa yana fita kamar dattin jiki. Magogin fensir mai laushi ma yana yi idan yatsa ya gaji. Don ka tabbatar, barbaɗa 'yar hoda ka hure. Duk inda ta manne ta yi layi, da saura.

Kada ka raina wannan sauran. Babu abin da ke kama jikin silikon, ko sabon gam, ko fenti. Idan ka sa sabon liƙi a kansa, ruwa zai bi ta tsakaninsu kamar ba a yi komai ba. Idan kuma wata rana aka zo fesa wa motar fenti, wurin zai fito da ƙananan ramuka kamar zanzana, abin da ke sa masu fenti ba sa ƙaunar ganin silikon a garejinsu. Wani abin kuma, silikon na gini mai warin tsamin nan da ke hawa hanci yana fitar da asid lokacin da yake bushewa, kuma idan ya sami ƙarfen da fentinsa ya ƙarzane, shi da kansa yake taya tsatsa kamawa.

Butil da kwalta

Waɗannan sun fi sauƙi, sai dai ƙazanta. Sirrinsu sanyi ne. Da zafi suna yin zare suna shafe ko'ina, da sanyi suna dunƙulewa su fita. Yi aikin da asuba, ko ka ɗora ledar fiya wata mai ƙanƙara a kan gam ɗin na ɗan lokaci, amma fa ba a kan gilashin da ya sha rana ba. Kwashe mai yawan da kati. Daga abin da ka kwashe, mulmula ɗan dunƙule kamar goro, ka riƙa dangwala shi a kan ragowar kana ɗagawa da sauri. Butil ya fi son ɗan'uwansa a kan fenti, don haka zai riƙa bin dunƙulen. Sai a ƙarshe za ka kawo kananzir, wanda su kam yana narkar da su sosai. Idan ka fara da shi tun gam ɗin yana da yawa, baƙin kunu za ka dama a jikin motar. Goge hanya ɗaya, kana juya tsumman zuwa wuri mai tsafta kowane shafi.

Foliyuretan, da inda mai mota ya kamata ya tsaya

Idan ɗan abin da ya tsiyayo ne a kan fenti lokacin da aka sa gilashi, ana iya cire shi. Ɗumama shi kaɗan da na'urar busar da gashi, daga nesa, iya ɗumin da hannu zai jure, ka riƙa aske shi da kati kaɗan-kaɗan daga sama har ya yi siriri, sannan ka bi shi da ruwan cire gam da murza. Yana cin lokaci fiye da silikon. Idan bai bushe ba tukuna, tsumma mai ɗan kananzir zai ɗauke shi daga fenti nan take. Sifirit kuwa kada ya kusanci ɗanyen foliyuretan da ke riƙe da gilashi, domin yana hana shi bushewa yadda ya kamata.

Amma layin da ke ƙarƙashin gilashin gaba, wanda baƙin zanen da ya kewaye gilashin yake ɓoyewa yana kare shi daga hasken rana, wannan ba abin tsokana da tsinke ba ne. A motocin zamani gilashin gaba yana cikin abin da ke tallafe rufi idan mota ta kife, Allah ya kiyaye, kuma a motoci da yawa jakar iskar da ke gaban fasinja da shi take jingina idan ta buɗe. Wannan gam ɗin rai yake riƙe da shi. Idan ta nan ruwa yake shiga, gyaran gaskiya shi ne a cire gilashin a sake zaunar da shi, kuma aikin mai gilashi ne.

Abin da ya rage naka shi ne ka tsaya a kansa ka ga an yi daidai. Ya liƙe fentin da ke kewaye da tef kafin ya zura wayar yanka, ya kuma kare dashbod. Bayan gilashin ya fita, kada ya kankare tsohon gam ɗin har ƙarfe ya bayyana. Ƙa'idar aikin ita ce a aske shi a bar kaurin milimita 1 zuwa 2, domin sabon foliyuretan ya fi kama jikin tsohon da aka yanka yanzu fiye da komai, matuƙar tsohon yana riƙe da kyau kuma babu tsatsa a ƙarƙashinsa. Duk inda wuƙarsa ta ƙarzani ƙarfe, ya shafa baƙin faraima na gilashi kafin ya ci gaba. Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, don gilashi zai rufe wurin ba mai gani, sai bayan shekara biyu fenti ya fara kumbura a saman rufi. Idan ka ga ya ɗauko silikon zai zaunar da gilashin gaba da shi, ɗauki motarka ka tafi. Bayan an gama, bar gilasan ƙofa a ɗan sauke don kada iskar rufe ƙofa ta tura sabon liƙin, ka kuma bi lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin kafin ka hau hanya. Danshin iska ne ke busar da shi, saboda haka a hunturu ya fi jinkiri fiye da damina.

Su kuma tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, da tsofaffin bas da manyan motoci, gilashinsu a cikin roba mai kauri yake zaune, ba gam ke riƙe da shi ba. A irinsu idan ka ga an lafta silikon, robar ce ta tsufa ta sandare. Kada ka tsaya ceton ta. A yanka ta da wuƙa a zare gilashin lafiya, a tsaftace gurbin, a sa sabuwa.

Bayan gam ya fita

Wanke wurin da sabulun ruwa sau biyu don maiƙon kananzir ya fita, ka bi shi da sifirit da aka sirka da ruwa rabi da rabi, shafa ɗaya ka busar. Tsumman da suka sha kananzir kada ka tara su a but ko kusa da murhu, shanya su a fili. Yanzu dubi fentin da kyau. Sau da yawa inda gam ya rufe ya fi sauran sheƙi domin rana ba ta ci shi ba, ɗan folish zai daidaita su. Ƙarzanen da farce ba ya maƙalewa a cikinsa ma folish yana ɗauke shi. Wanda farce ke maƙalewa, ko ka hango faraima ko ƙarfe, a ɗiga masa fenti da ɗan buroshi kafin ruwa ya taɓa shi. Idan kuma ka tarar fenti ya kumbura kamar ƙuraje, tsatsa ce a ƙasa, kuma ba a sa sabon gam a kan tsatsa. A goge har farin ƙarfe, a sa faraima, a yi fenti. Idan ta riga ta huda, sai walda, kuma sai an cire gilashin, domin tartsatsin walda yana ɓata shi.

Kafin ka sake sa wani liƙi, tabbatar da inda ruwan yake shiga. Mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta daga ƙasa yana hawa sama a hankali, har a ga ɗigon farko. Ko a shafa kumfar sabulu a waje, a hura iskar mai faci ta ciki, inda kumfa ta tashi nan ne ƙofar. Za ka yi mamakin yadda sau da yawa gilashin ba shi da laifi. Magudanar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, takan toshe da ganyen darbejiya da ƙura, ruwa ya taru ya malala ciki. Motar da ke da taga a rufi tana da siraran bututu a kusurwoyinta da su ma suke toshewa. Gilashin ƙofa kuwa da ma an yi shi ne ruwa ya riƙa bi ta gefensa ya shiga cikin ƙofar ya fita ta ramukan da ke ƙasanta. Wanda ya shafa masa silikon bai gyara komai ba, ramukan nan zai zura wa tsinke ya buɗe.

Idan ya tabbata gefen gilashin ne, nemi gam ɗin da aka yi domin mota, ka liƙa tef a gefe biyu, ka matsa siririn layi cikin lungun, ka cire tef ɗin tun gam ɗin yana ɗanye. Shawarata ga mai karatu ita ce ya duba gefen gilasan motarsa tun a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko, ya ware safiya guda cur ga kowane gilashi, kada ya bari sai kafet ya jiƙe sannan ya shiga neman abin liƙi cikin gaggawa.